Tambaya da Amsa: Lasisin Salon Haruffa a Shafin Intanet

Wasiƙun wannan makon duk a kan salon haruffa suka faɗo, wato abin da masu sana'ar zane ke kira font. Mun zaɓi guda bakwai, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Daga wani mai zana shafuka a Kaduna: Na sayi wani salon haruffa da kuɗina shekara biyu da suka wuce, da shi nake yi wa wani kamfani fosta da katin gayyata. Yanzu suna so shafinsu na intanet ya fito da irin rubutun. Na ga akwai wuraren da ke juya fayil ɗin OTF, irin wanda ake girkawa a kwamfuta, zuwa WOFF2, irin wanda shafukan intanet ke amfani da shi, kyauta. In juya in ɗora, tunda na riga na biya?

Malam, dakata tukuna. Abin da ka biya wa kuɗi izini ne na amfani da fayil ɗin ta wata hanya da aka ƙayyade, fayil ɗin kansa yana nan a matsayin mallakar wanda ya ƙera shi. Kusan duk kamfanonin da ke sayar da haruffa sun raba izinin gida-gida. Akwai lasisin kwamfuta, wanda ake lissafa kuɗinsa da yawan kwamfutoci ko ma'aikatan da za su girka shi. Akwai lasisin shafin intanet, akwai na manhajar waya, akwai na littafin lantarki, wasu ma har da na tallan intanet daban. Naka, bisa bayaninka, na kwamfuta ne.

Dalilin rabuwar yana cikin yadda abin ke aiki. Idan ka buga fosta, abin da ya bar hannunka tawada ce a kan takarda, fayil ɗin bai je ko'ina ba. Idan kuwa ka sa shi a shafi ta umarnin @font-face, duk wanda ya buɗe shafin sai burauzarsa, wato manhajar buɗe shafuka irin Chrome, ta sauke fayil ɗin zuwa wayarsa kafin rubutun ya fito. Wato ka zama mai rarraba kayan wani ga dubban mutane. Shi ya sa yawancin yarjejeniyoyin lasisin kwamfuta suka hana abu biyu a fili: sauya fayil zuwa wani tsari, da ajiye shi a saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda jama'a ke iya kaiwa gare ta. Juyawar da kake shirin yi ta taka duka biyun.

Za ka ji wasu na cewa ai siffar harafi ba ta da haƙƙin mallaka. A Amurka haka ne game da siffar kanta, amma fayil ɗin da ke zana siffar ana ɗaukarsa a matsayin manhaja, kuma wata kotu a can ta tabbatar da kariyarsa a 1998 a ƙarar da Adobe ya shigar da kamfanin Southern Software. A Najeriya ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare manhajojin kwamfuta. Ko an ajiye wannan gefe, ka amince da yarjejeniya ranar da ka saya, ita za a fara ɗauko maka.

Abin yi shi ne ka koma inda ka saya ka nemi lasisin shafin intanet na wannan salon, su za su ba ka fayil ɗin WOFF2 da hannunsu. Kafin ka biya ka duba abu huɗu. Na farko, ma'aunin kuɗin: galibi da yawan buɗe shafi a wata ake lissafi, kuma a kasuwa irin MyFonts matakin farko yakan fara ne daga buɗewa 10,000 a wata. Kada adadin ya ruɗe ka, bai kai 340 a rana ba, kuma mutum ɗaya da ya leƙa shafuka biyar an ƙirga biyar. Na biyu, biya ɗaya ne ko duk shekara ake sabuntawa. Na uku, adireshin shafi nawa ya ƙunsa, kuma ko ƙananan adireshi irin na kanti ko na gwaji suna ciki. Na huɗu, kauri nawa kake bukata, domin na yau da kullum, mai kauri, mai karkata da mai kauri-da-karkata abu huɗu ne a wurin mai sayarwa, kowanne da kuɗinsa.

Sannan a sayi lasisin da sunan kamfanin da ya mallaki shafin, kada ka saya da sunanka. Gobe idan kun rabu, shafin na nan yana aiki, takardar izini kuwa tana aljihunka, ka bar su cikin rigima ba su sani ba.

Tambarin kamfani maganarsa daban ce. Idan ka mayar da rubutun tambarin hoto, PNG ko SVG da aka riga aka mayar da haruffansa zane, babu fayil ɗin haruffa da ke zuwa wurin mai karatu, don haka lasisin kwamfuta yakan wadatar. Sai dai akwai kamfanonin da ke neman kuɗi na musamman a kan tambari, saboda haka ka nemo kalmar logo a cikin yarjejeniyar.

Daga wata editar shafin labarai na Hausa a Kano: Mun sayi lasisin shafin intanet yadda ya kamata. Amma duk inda ƙ, ɗ ko ɓ suka zo sai su fito da wata siffa daban, sirara, kamar baƙi a cikin kalma. A wasu tsofaffin wayoyi ma akwati kawai ake gani. Mai zana mana shafi ya ce zai buɗe fayil ɗin ya zana musu lanƙwasa da kansa. Ya halatta?

Hajiya, wannan ita ce matsalar da ta fi cin masu rubutun Hausa, kuma ba kasafai mai sayarwa zai faɗa miki ba sai kin tambaya.

Ga abin da ke faruwa. Burauza tana bin rubutu harafi bayan harafi. Idan ta zo kan harafin da babu shi a salon da kuka zaɓa, sai ta ari wannan harafin kaɗai daga wani salon da ke cikin wayar. Shi ya sa a kalma kamar "ƙasa" za ki ga a, s, a sun yi kauri irin na kanun labari, ƙ kuwa ta tsaya siririya a gabansu. Idan wayar ma ba ta da inda za ta aro, akwati ya fito.

Dalili ɗaya daga cikin biyu ne. Ko dai salon ba shi da haruffan tun asali, ko yana da su amma an yanke su a fayil ɗin da aka ba ku. Rubutun da ke cewa salo yana ɗauke da haruffan Latin masu faɗi ba hujja ba ne, sau da yawa harsunan Turai ta Tsakiya ake nufi, irin na Poland da Turkiyya. Haruffanmu a warwatse suke cikin jadawalin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa: Ɓ tana U+0181, Ɗ U+018A, Ƙ U+0198, ƙ U+0199, Ƴ U+01B3, ƴ U+01B4. Amma ƙananan ɓ da ɗ suna can wani rukuni na daban, na alamomin furuci, a U+0253 da U+0257. Wannan ne ya sa za ki tarar da shafin da ƙ ta fito lafiya amma ɗ da ɓ sun lalace: wanda ya yanka fayil ɗin ya tsaya a U+024F, ya bar su a waje.

Don gano wanne ne naku, a ja fayil ɗin a saka a shafin Wakamai Fondue, zai jero duk haruffan da ke ciki. Idan suna nan, to laifin yana cikin CSS, wato umarnin da ke tsara kamannin shafi: a duba layin unicode-range, a ƙara lambobin da suka ɓace. Idan babu su a fayil ɗin intanet amma akwai su a na kwamfuta, ku rubuta wa mai sayarwa ya ba ku cikakken fayil.

Idan kuwa babu su ko'ina, shawarar mai zanenku ba ta da kyau ta fuska biyu. Ta fuskar doka, yawancin lasisin kuɗi sun hana buɗe fayil a yi masa gyara ba tare da rubutaccen izini ba. Ta fuskar aiki kuma, lanƙwasar ƙ ba ƙugiya ce kawai da ake manna wa k ba. Sai an daidaita kaurinta da na sauran haruffa, an gyara tazararta da harafin da ke gabanta, a kowane kauri da kuke amfani da shi, manya da ƙanana. Haruffa takwas a kauri huɗu zane 32 ke nan. Ku nemi kamfanin ya ƙara muku su, da yawa suna yin haka a kan kuɗi, wasu ƙananan kamfanoni ma suna murna da irin wannan buƙata domin tana faɗaɗa musu kasuwa.

A ganinmu dai, ga shafin da kullum rubutun Hausa yake fitarwa, gara a fara dubawa cikin salon da ke ƙarƙashin OFL, wato lasisin haruffa na kyauta. Noto Sans da Noto Serif suna da haruffan duka. Haka Andika, Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, waɗanda tun farko don harsuna irin namu aka ƙera su. Kafin ku ɗauki kowane salo, na kuɗi ko na kyauta, ku liƙa wannan a akwatin gwajinsa: Ɓarawo ya ɗauki ƙwarya, Ƙaƙa Ɗanɓaure, ƴaƴa, ₦5,000. Mun sa ƴ saboda masu karatu da marubuta na Nijar da ita suke rubutu, mun sa alamar naira domin ita ma tana yawan ɓacewa, lambarta U+20A6. A gwada a mai kauri da mai karkata ma, don wani salon yana da su a kauri ɗaya kaɗai.

Daga wani ɗalibi a Zariya: Calibri da Arial suna cikin kwamfutata tun da na saye ta. Zan iya sa su a shafina?

Ambaton sunansu a CSS, kamar font-family: Arial, babu laifi ko kaɗan, domin kwafin da ke na'urar mai karatu ne zai yi aiki. Abin da Microsoft ya hana shi ne kwafo fayil ɗin daga jakar Windows a ɗora a saba. Ka kuma sani cewa wayoyin Android ba su zuwa da Calibri ko Arial, don haka yawancin masu karatunka wani salon za su gani. Idan kamannin kake so, akwai na kyauta da aka ƙera da faɗin haruffa daidai da nasu: Carlito a madadin Calibri, Arimo ko Liberation Sans a madadin Arial, Tinos a madadin Times New Roman. Su ma ka yi musu gwajin ƙ, ɗ, ɓ kafin ka yanke shawara.

Daga wani mai kantin intanet a Maraɗi: An ce Google Fonts kyauta ne. Har ga mai kasuwanci? Kuma wani abokin ciniki a Jamus ya ce mini kada in jawo haruffan kai tsaye daga Google. Me ya sa?

Kyauta ne har ga ɗan kasuwa, Alhaji. Mafi yawan abin da ke ciki yana ƙarƙashin lasisin OFL na SIL, wanda sigarsa ta 1.1 ta fito a 2007, kaɗan kuma suna ƙarƙashin lasisin Apache. OFL ya ba ka damar amfani, gyarawa, sakawa a shafi ko manhaja, da rarrabawa, ba tare da iyakar yawan masu ziyara ba. Sharuɗɗansa kaɗan ne: ba a sayar da fayil ɗin shi kaɗai, duk inda aka rarraba shi bayanin haƙƙin mallaka da lasisin su bi shi, kuma abin da aka gyara ya ci gaba da zama ƙarƙashin OFL.

Akwai sharaɗi ɗaya da mutane ke tsallakewa, na keɓaɓɓen suna. Mai salon yana iya keɓe sunansa, kuma idan ya yi haka za ka ga an rubuta a layukan farko na fayil ɗin OFL.txt. Wanda ya gyara irin wannan salon dole ya sauya masa suna. Matse fayil zuwa WOFF2 ba tare da taɓa komai a ciki ba bai kai gyara ba, amma yanke haruffan da ba ka bukata gyara ne. Andika da Charis suna da keɓaɓɓen suna, sai dai SIL na haɗa fayilolin intanet a cikin abin da kake saukewa, ka yi amfani da su yadda suke. Noto ba shi da wannan sharaɗi, kana iya yanka shi yadda kake so.

Maganar Jamus kuwa gaskiya ce. A ranar 20 ga Janairu 2022 wata kotu a birnin Munich ta umarci wani mai shafi ya biya diyyar Yuro 100, saboda shafinsa na jawo haruffa daga sabar Google, wanda hakan ke miƙa adireshin IP, wato lambar na'urar mai ziyara a intanet, ga Google ba da yardarsa ba. Kuɗin ba yawa, amma bayan hukuncin an yi ta aika wa masu shafuka a Jamus da Ostiriya wasiƙun neman diyya. Wannan ba matsalar lasisi ba ce, ta dokar kare bayanan mutane ce. Maganinta ka ajiye fayilolin a sabarka, abin da OFL ya halatta.

Yadda ake yi: sauke salon, ka ɗauki kaurin da kake bukata kawai, biyu ko uku sun ishi yawancin shafuka. Idan fayil ɗin ya yi nauyi, kamar cikakken Noto Sans da ke kai ɗaruruwan kilobayit saboda yana ɗauke da haruffan Girka da na Rasha, a yanka shi da pyftsubset na fontTools, a ba shi jerin lambobin da ake so, a ce ya fitar da woff2. Sai an girka brotli tare da shi, in ba haka ba zai ƙi fitarwa. A jerin kada a manta da U+0253 da U+0257 da sauran da muka lissafa wa Hajiya a sama, da U+02BC ta alamar ɗauri. A cikin @font-face a sa font-display: swap, don rubutu ya bayyana nan take da salon wayar kafin naka ya iso, abin da ke da amfani sosai inda sabis ke rarrafe. Idan fayilolin suna wani adireshi daban da na shafin, burauza za ta ƙi karɓarsu sai sabar ta aiko da izinin Access-Control-Allow-Origin. Mai amfani da WordPress kuwa an rage masa wahala: tun siga ta 6.5 da ta fito a 2024 akwai ma'ajiyar haruffa da ke sauke na Google ta ajiye su a sabarka.

Daga wata mai zane a Abuja: Ina biyan Creative Cloud, wato rajistar manhajojin kamfanin Adobe, duk wata. Zan iya sa Adobe Fonts a shafukan mutanen da nake yi wa aiki?

A naki shafin, e. A nasu, ƙa'idar Adobe ita ce mai shafin ya kasance da nasa rajistar, a ɗora haruffan daga asusunsa. Kuma ko a naki, daga sabar Adobe haruffan ke zuwa ta layin da suke ba ki ki liƙa, ba a yarda ki ciro fayil ɗin ki ajiye a sabarki ba. Ranar da biyan kuɗi ya tsaya, ko katin banki ya ƙi wucewa har rajista ta mutu, haruffan sun daina zuwa, shafi ya koma kan duk abin da aka rubuta a matsayin madadi. Saboda haka ki tabbata akwai madadi mai kyau a jerin font-family. Hoto ko PDF da kika riga kika fitar lokacin da rajistarki ke da rai ba abin da zai same su.

Daga wani mai kula da shafin makaranta a Sakkwato: Wasiƙa ta zo mana ta imel daga wani kamfani a Turai, wai muna amfani da haruffansu ba lasisi, mu biya. Mu kuwa jigon shafin, wato theme, shiryayyen tsarin kamannin shafi, muka saya da haruffan a ciki, sauran kuma daga wani wurin saukewa kyauta aka samo. Damfara ce?

Tana iya zama damfara, tana iya zama gaskiya, don haka kada ku danna komai a cikin wasiƙar, kada kuma ku share ta. Gano mai amfani da salo ba wuya: fayil ɗin a buɗe yake ga duk wanda ya ziyarci shafi, kuma kamfanoni na da manhajojin da ke zagaya intanet suna karanta sunayen da ke cikin fayiloli. Sauya wa fayil suna ba ya ɓoye komai, domin sunan salon da na mai shi suna rubuce a cikinsa.

Ku fara da tabbatarwa. A buɗe shafin a Chrome ta kwamfuta, a danna F12, a shiga sashen Network, a tace da Font, a sake loda shafin. Duk fayil ɗin haruffa da ake saukewa zai bayyana da inda ya fito. Idan salon da suka ambata yana ciki, ku nemi adireshin kamfanin daga shafinsu na ainihi ku tambaya ko su suka aiko.

Game da jigo, sayen sa bai nuna cewa mai sayarwa na da ikon raba haruffan da ya cusa ciki ba. Ku duba takardun da suka zo da shi, ku kuma rubuta masa ya nuna muku lasisin. Wuraren saukewa kyauta kuwa su suka fi jefa mutane cikin wannan hali. Da yawa daga abin da ke can an rubuta cewa kyauta ne don amfanin kai kawai, kuma shafin makaranta mai karɓar kuɗi ba amfanin kai ba ne. Wasu ma kwafin sata ne na salon kuɗi. Wani zai ce ya duba bayanan fayil ya ga an ba da izinin sakawa: wannan alamar, da ake kira fsType, ta shafi saka haruffa cikin takardu irin PDF da Word, ba ta zama lasisin shafin intanet.

Idan ta tabbata ba ku da izini, ku ɗauki hoton yadda abin yake, ku cire fayil ɗin daga saba gaba ɗaya, har da ma'ajiyar wucin-gadi, domin goge layin CSS kaɗai ya bar fayil ɗin a inda za a iya sauke shi. Ku sa na OFL a madadinsa. Cirewa ba ta shafe abin da ya wuce, suna iya neman kuɗin lokacin da aka yi amfani da shi, kuma sau da yawa ana sasantawa ta sayen lasisi. Ku tanadi alƙaluman masu ziyararku na gaskiya, domin da su za a yi ciniki, kuma shafin makaranta ba kasafai yake wuce matakin farko ba. Idan adadin da suka nema ya yi yawa, lauya ya ga wasiƙar kafin ku amsa komai a rubuce.

Daga wani malami a Katsina: Ina so in sa waƙoƙin ajami a shafi da rubutu irin na allo. Akwai salon da ba sai na biya ba?

Akwai, Malam. SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano mai kauri irin na littattafan kasuwa, da Harmattan da aka yi don ajamin Afirka ta Yamma, wanda ya fi sauƙin karantawa a ƙaramin allon waya. Dukansu OFL ne kuma suna cikin Google Fonts. Shawara ɗaya: kada a yanka su. Rubutun Larabci ya dogara da umarnin da ke cikin fayil na haɗa baƙaƙe da ɗora wasula a muhallinsu, kuma yanka marar kula yana zubar da su, sai a ga baƙaƙe a rarrabe ko wasali ya hau kan wani. A ɗora cikakken fayil ɗin, a sa dir="rtl" a kan sakin layin, sannan a gwada baitin da ke da imala da baƙaƙe masu ɗigo uku a wayar Android da iPhone kafin a saki shafin.